Gayya Makarantar Shugabanci: Nazari a Kan Horar da Jagororin Aikin Gyaran Unguwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ɗaya daga cikin manyan garuruwan ƙasar Hausa ya san halin da unguwanni kan shiga da zarar damina ta kankama. Kwatoci su cushe, ruwa ya rasa hanya ya koma cikin gidaje, katangun ƙasa su jiƙe su zube, ƙazantar bola da ta masai ta tsiyaya cikin rijiyoyi. Mutanen Kano ba su manta da ruwan watan Agusta na 1988 ba, wanda ya rushe dubban gidaje. A shekarar 2021 kuma cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. In an bi diddigi, za a tarar da yawa daga cikin abubuwan da ke share wa irin wannan hasara hanya ba su fi ƙarfin mazauna layi ɗaya ba, muddin sun sami mai haɗa kansu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda ake samun wannan mai haɗa kai. Za mu fara da gayya, watau hanyar da Bahaushe ya gada ta yin aikin haɗin gwiwa, mu ga yadda take renon shugabanninta. Sa'an nan mu dubi abin da ya faru a lokutan da hukuma ta karɓi ragamar aikin a Nijar da Nijeriya. Daga nan mu kawo bukatun unguwar birni, da misali guda daga wata ƙasa, kana mu ba da shawara. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, jagoran aikin unguwa a cikin aikin ake renonsa, mataki bayan mataki, a gaban idon maƙwabtansa, kuma duk horon da ya tsallake waɗannan matakai ba ya yin ƙarko.

2.0 Ma'anar Gayya da Ire-irenta

Gayya ita ce taruwar jama'a bisa kiran wani domin su yi masa, ko su yi wa kansu, aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba tare da biyan lada ba. Tushenta ɗaya da kalmar gayyata, shi ya sa ake kiran wanda ya zo wuri ba a kira shi ba ɗan gayyar soɗi. Ba a nufin ɗaya gayyar da ke cikin "ramuwar gayya" ko "ya yi da gayya", wannan kalma ce dabam.

Ana iya kasa gayya kashi uku. Na farko, gayyar taimakon mutum ɗaya, kamar noma ko girbi a gonar wanda aiki ya sha wa kai, da ɗaukar jinka, da gayyar da saurayi kan kai gonar surukansa, da daɓen ɗaki da dakan biki waɗanda mata ke yi. Na biyu, gayyar amfanin gari, kamar yashe rijiya ko tafki, da gyaran maƙabarta, da yaɓen masallaci kafin damina, da sharar filin idi, da cike kwazazzabon da ya yanke hanyar kasuwa. Na uku shi ne aikin da sarauta ke kira, babban misalinsa kuwa ganuwa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar birnin, sarakunan baya, cikinsu har da Muhammadu Rumfa, suka faɗaɗa ta. Wannan kashi na uku ya sha bamban da sauran, domin wanda aka kira ba shi da ikon cewa a'a. Kashi na biyu shi ne ya fi kusa da abin da muke kira gyaran unguwa a yau, amma a kashi na farko ne ake koyon yawancin dabarun tafiyar da shi.

3.0 Yadda Gayya ke Renon Shugaba

3.1 Matakan Hawa

Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas ba ya riƙe kunya a ranar gayya, amma kuma ba a barinsa a gida. Shi ke kai ruwa, shi ke tsaron fartanyu da takalma a gindin itace, shi ake aika ya gano ko fura ta taso. A nan yake fara gane waye ake jin maganarsa, da irin muryar da ake ba da umurni da ita. In ya tasa, sai a ba shi kunyarsa a gefe, kusa da wani yayansa wanda zai riƙa waiwayensa yana gyara masa. In ya zama saurayi sosai, sai ya shiga ƙungiyar samarin gari.

Ƙungiyar samari tana da sarautunta waɗanda ta kwaikwayo daga fada: Sarkin Samari, da Galadima, da Madaki, da Alƙali, da sauransu. 'Yan mata ma suna da shugabarsu, wadda a ƙasar Zazzau ake kira Mama, kamar yadda ya zo a littafin Baba of Karo na Mary Smith da aka buga a 1954. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasa ne kurum, musamman in ya ga bikin kalankuwa bayan kaka, inda samari kan naɗa har da Gwamna da Di'o. Amma Alƙalin samari shari'a yake yi ta gaske a tsakanin tsaransa, ya ci tarar wanda ya ƙi fita aiki, ya sasanta waɗanda suka yi faɗa a dandali. Wanda aka ba rabon goro kuwa, amana ce aka ɗora masa, kowa yana ƙirga abin da ya shiga hannunsa.

Wani abin lura shi ne samartaka ba ta dawwama. Ko da yake a wasu garuruwa Sarkin Samari kan daɗe a kan sarautarsa har ya zama magidanci, na ƙasa da shi kullum cikin sauyawa suke, domin aure yana kwashe na gaba, na baya suna matsowa. Saboda haka gurbi ba ya yankewa, kuma kowane mai muƙami ya san da wanda ke biye da shi. Wanda ya bar ƙungiya ya zama maigida, ilminsa bai ɓata ba, shi ne gobe zai zauna cikin dattawan da mai unguwa ko dagaci ke shawarta.

3.2 Abubuwan da Ake Koyo

Bari mu bi gayyar noma guda daga farkonta, mu ga darussan da ke ciki. Mai gayya zai tafi da goro wurin Sarkin Samari ko Sarkin Noma ya kai kukansa. Abu na farko da shugaba zai yi shi ne ya auna aikin: girman gonar, da irin ƙasarta, da yawan hannun da zai gama ta kafin rana ta take. In ya kira mutane kaɗan, aiki ya kwana, an ji kunya. In ya kira fiye da kima, abinci ya kasa, an yi taron tsintsiya ba shara. Na biyu, sa rana. Ba a sa ranar kasuwar gari, ba a sa Jumma'a, ba a sa ranar da wani ya riga ya kama. Na uku, isar da kira ta bakin mai shela ko maroƙi, tare da sanin gidajen da shela ba ta ishe su ba, sai an taka an je an gai da maigida.

Ranar aiki kuma, shugaba shi ke jera mutane. Ya san ƙarfafan da za su ja gaba, ya san raggwayen da in an haɗa su wuri ɗaya hira za su yi, ya san mutum biyun da ba sa ga-maciji, sai ya raba tsakaninsu. Ya san lokacin da zai sa makaɗa su zuga gangar noma su yi wa wani kirari don a ƙara himma, da lokacin da zai ce a sha fura. Bayan an tashi, shi zai tabbatar kowa ya sami abinci da goro, ya kuma riƙe a ransa waɗanda suka zo da waɗanda suka noƙe.

In mun tattara, za mu ga kiyasi, da tsara lokaci, da isar da saƙo, da sanin halin mutane, da rabon aiki, da riƙon amana, da sasanci. Waɗannan su ne ainihin darussan da ake tara mutane a ɗakunan taro a yau ana koya musu da allo da alli. A ɓangaren mata ma haka abin yake. Uwar adashi, wadda ke karɓar zubi tana ba da kwasa bi da bi ba tare da ta rubuta ko harafi ɗaya ba, ma'aji ce da ta gama ƙwarewa, kuma matan da ke zubi a hannunta sun riga sun jarraba gaskiyarta shekara da shekaru.

3.3 Abin da ke Tsare Shugaba

Abubuwa biyu ke hana shugaban gayya karkacewa. Na farko, gayya bashi ce. Wanda aka nome wa gona yau, shi zai fita gobe a gonar wani, kuma shugaba kansa yana cikin wannan zagaye. In ya yi son kai wajen sa rana, ranar tasa gayyar zai ga sakamako. Na biyu, ba shi da wani ƙarfi sai yardar jama'a. Ba shi da dogari, ba shi da gidan yari. Iyakar horon da zai iya yi wa mai taurin kai shi ne tarar goro, ko a ƙaurace wa bikinsa da gayyarsa, wannan ma sai sauran sun amince. Saboda haka dole ya iya lallashi, ya kuma riga kowa sunkuyawa a bakin aiki.

Ba muna cewa gayya ba ta da aibu ba ne. Mai hali ya fi samun jama'a, domin tuwonsa ya fi nama. Aikin gayya kuma sau da yawa ba ya kai na mai gona kyau, saboda gaggawa da gasa. Bugu da ƙari, kuɗi sun daɗe da fara cin gurbinta. Binciken da Polly Hill ta yi a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, wanda ya fito a littafinta Rural Hausa a 1972, ya nuna yadda ƙwadago ya riga ya kafu a harkar noma tun a wancan lokaci. Abin da ya dame mu a nan shi ne hanyarta ta fitar da shugabanni, wadda ita ce ta fi saurin ɓacewa ba a lura ba.

4.0 Gayya a Hannun Hukuma

4.1 Tabon Aikin Tilas

Zamanin mulkin mallaka ya ɓata sunan aikin haɗin gwiwa. An ɗebi talakawa ta hannun hakimai da dagatai domin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda ta iso Kano a 1911. An kuma ɗebi dubban mutane zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, da yawa ba su komo ba. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, cikinsu har da Nijar, sai a 1946 aka soke aikin tilas da doka. Wannan ya bar wa talaka darasi mai wuyar gogewa: in kira ya fito daga sama, to a nemi hanyar zillewa, ko a tura wanda ba a damu da shi ba.

4.2 Misalin Nijar

Jamhuriyar Nijar ta yi gwaji biyu da suka cancanci nazari. A farkon shekarun 1960, zamanin Shugaba Diori Hamani, an kafa shirin wayar da kan mutanen karkara. Tsarinsa shi ne kowane ƙauye ya zaɓi wasu daga cikin mutanensa, a kai su horo na 'yan kwanaki, su komo su jagoranci ayyukan ci gaba. Tunanin yana da kyau, domin ɗan gari aka nema, ba baƙo ba. Sai dai horon 'yan kwanaki ba ya ba mutum girman da bai tafi da shi ba. Inda gari ya tura wanda dama ake jin maganarsa, an ga amfani. Inda aka tura wanda aka ga ya fi sauƙin rabuwa da gona, ya komo ya tarar babu mai sauraronsa.

Gwaji na biyu shi ne na Samariya. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya rushe jam'iyyar da ke mulki, ya nemi wata hanyar isa ga jama'a, sai ya farfaɗo da tsohuwar ƙungiyar samari ya shimfiɗa ta a ƙasa baki ɗaya, kowane ƙauye da kowace unguwa da tata. Samariya ta yi aiki na a zo a gani: ta gina ajujuwan makaranta masu yawa, ta dasa itatuwa, ta share garuruwa, ta gyara hanyoyi. Dalilin nasararta a fili yake, an yi gini ne a kan harsashin da mutane suka sani. Amma da tafiya ta yi nisa, sai ta zama bakin gwamnati, shugabanninta suka koma duban fuskar na sama fiye da ta maƙwabta. Kountché ya rasu a 1987, aka kafa jam'iyya ɗaya tilo ta MNSD a 1989 aka jingina Samariya da ita. Da aka yi babban taron ƙasa na 1991 aka koma ga jam'iyyu da yawa, sai Samariya ta dushe tare da tsarin da ya ɗauke ta. Matasan birane irin su Damagaram da Maraɗi da Yamai suka koma kafa majalisunsu na hira da shayi, waɗanda ake kira fada, wasunsu kuma suka ci gaba da aikin tsabta da tsaron unguwa bisa raɗin kansu.

4.3 Misalin Nijeriya

A Nijeriya ta Arewa, shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya yi amfani da 'yan gari masu ɗan ilmi a matsayin malaman azuzuwan manya, abin da ya sa ya shiga lunguna da ƙauyuka. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuwa ya kawo ƙarshen tsarin En'e, ya mai da yawancin ayyukan gari hannun majalisun ƙananan hukumomi. Mai unguwa ya rage da girmansa, amma ikonsa ya ragu, jama'a kuma suka ƙara sakankancewa cewa kwata da bola aikin hukuma ne.

A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1985 kuma aka shigo da babin tsabtar muhalli, wanda a Kano aka yi bikin buɗe shi. Daga nan aka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Garuruwa sun yi tsabta a lokacin, babu musu. Amma tsoron soja da tara ne ya fitar da mutane, ba a reni ko mutum ɗaya a layi wanda zai kira shara ranar da sojan ba ya nan ba. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986 da ta wayar da kai ta MAMSER a 1987, dukkansu sun ƙarfafa kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Ƙungiyoyi sun yawaita, sai dai da dama an kafa su ne don a karɓi tallafi, shugaba da sakatare da ma'aji duk an naɗa su rana ɗaya kafin a taɓa kwashe ko kwando ɗaya na yashi tare. Shirin CSDP da aka fara a 2009 da taimakon Bankin Duniya ya gyara wani abu, domin ya shar'anta jama'a su zaɓi aikinsu da kwamitinsu, su kuma sa nasu kason. Duk da haka tambayar tana nan: in aikin da aka ba da kuɗinsa ya ƙare, wa zai gaji kwamitin?

5.0 Unguwar Birni da Sababbin Bukatunta

Ba zai yiwu a ɗauko gayyar ƙauye ɗungurungum a dasa a birni ba. Ƙidayar 1952 ta sami kimanin mutum 130,000 a Kano, yau kuwa miliyoyi ake magana. A sababbin unguwanni maƙwabta ba dangi ba ne, wani ma bai san sunan na jikin katangarsa ba. Sana'o'i sun bambanta, lokacin hutun ɗan kasuwa ba shi ne na ma'aikaci ko ɗan acaɓa ba. Akwai mai gida da ke zaune a wata unguwa, akwai ɗan haya da ke ganin gobe zai tashi. Zagayen bashin nan da ya ɗaure manoma ya tsinke.

Aikin kansa ma ya sauya. Kwatar siminti tana bukatar kuɗi da awo. Shara ta yanzu leda ce da robobi, ba ta ruɓewa ta zama taki kamar ta da. Saboda haka jagoran unguwa yana bukatar ilmi uku da Sarkin Samari bai bukata ba. Na ɗaya, rubuta kuɗi, shiga da fita. Na biyu, ɗan sanin fasahar aikin: cewa ana fara haƙa ko yashe kwata daga inda ruwa zai fita a yo sama, cewa kwatar da ba ta da gangara tafkin sauro ce, cewa yashin da aka tsamo aka bari a bakin kwata ruwan farko zai mai da shi ciki, cewa masana lafiya suna son a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya. Na uku, sanin ƙofofin hukuma: abin da ke wuyan ƙaramar hukuma, da wanda ke wuyan jiha, da yadda ake rubuta takarda a bi sawunta.

6.0 Darasi Daga Orangi

Domin kada a ce abin ba ya yiwuwa a birni, bari mu leƙa wata ƙasa mai irin matsalolinmu. Orangi babbar unguwar talakawa ce a gefen birnin Karachi na Pakistan, wadda ta tashi ba tare da magudanar ƙazanta ba. A 1980 wani masani, Dokta Akhtar Hameed Khan, ya kafa wani shiri a can. Bai fara da kafa babban kwamitin unguwa ba. Ya ɗauki layi ɗaya, mai gidaje 20 zuwa 40, a matsayin tushen aiki, domin a wannan adadi kowa ya san kowa. Mutanen layi su ke zaɓen jagoransu daga cikinsu, shi ke tara kuɗi, shi ke tsara aiki. Ma'aikatan shirin ba sa taɓa kuɗin jama'a. Nasu shi ne awon ƙasa, da zanen aiki, da kiyasin abin da za a kashe, da aron kayan aiki, da koyar da magina 'yan unguwa. An kuma raba nauyi a fili: masai na gida da bututun layi na jama'a ne, babbar magudana ta gwamnati ce.

Da layin farko ya gama, na kusa suka gani da idonsu, jagororin da suka ƙware suka zama malaman na bayansu. Ta haka gidaje fiye da 90,000 suka sami magudana da kuɗin masu su. Mai karatu zai lura cewa ƙaramin rukunin da ya san juna, da shugaban da maƙwabta suka zaɓa suke kuma gani kullum, da koyo a bakin aiki, duk abubuwa ne da muka riga muka gani a gayya. Abin da aka ƙara shi ne awo da alƙalami.

7.0 Shawarwari Kan Tsarin Horo

Bisa abin da ya gabata, ga yadda muke ganin ya kamata horon ya kasance.

Na farko, a fara da layi ko lungu, kada a fara da unguwa baki ɗaya, kuma a fara da aiki kafin muƙami. A kira sharar kwata ɗaya a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka. A ranar za a ga wanda ya riga kowa fitowa, da wanda in ya yi magana ake ji. Daga cikin irin waɗannan ne mutanen layi za su fitar da jagora, da sanin mai unguwa da limami.

Na biyu, a yi karatun a kan titi. Mai horarwa, ko malamin tsabta ne ko injiniya ko ɗalibin jami'a, ya zaga da masu koyo bayan an ɗauke ruwan sama, su bi ruwan da ƙafa su ga inda yake tsayawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka mai horarwa ya fi yawaita tambaya a kan jawabi. A nan za a koya musu ƙirga gidaje, da zana taswirar layi, da auna gangara da igiya da tiyo mai ruwa.

Na uku, a mai da matakan hawa. Yara su raba takardar kira su tura baro, matasa su riƙe rukunin mutum biyar ko shida, kowane mai muƙami ya kasance da mataimaki wanda ya girme wa, kuma a yanke wa'adi, shekara biyu alal misali, domin ya yi aikin da aure ke yi a ƙungiyar samari. Wanda ya sauka ya koma cikin masu ba da shawara.

Na huɗu, kuɗi su zauna a idon jama'a. A rubuta kowane zubi da kowane sayayya, mutum biyu su sa hannu, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowane aiki. A raba nauyi yadda ba za a ji an cuci wani ba: mai gida ya fi ba da kuɗi tun da darajar gidansa ce ke ƙaruwa, ɗan haya ya ba da ƙarfinsa ko abin da ya sawwaƙa.

Na biyar, kada a bar mata a baya. Su ke wuni a gida, su suka san inda ruwan wanke-wanke ke bi da yaron da ake ba shara ya zubar. A nemi iyayen adashi da malaman Islamiyyar matan aure, a ba su nasu horon a inda ya dace da su, a kuma ba su riƙon zubin cikin gidaje.

Na shida, hukuma ta tsaya a matsayin mai taimako. Ta kawo motar kwashe yashi a ranar da aka yi aikin, ta gina babbar kwata, ta ba da masana. Kada ta naɗa shugaba, kada kuma ƙungiya ta yarda ta zama reshen wata jam'iyya, domin abin da ya sami Samariya ya isa ishara.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa Bahaushe yana da tsohuwar hanyar horar da jagororin aikin jama'a, wadda ta ginu a kan hawa daki-daki, da koyo a bakin aiki, da zama ƙarƙashin idon maƙwabta. Mun ga yadda aikin tilas ya ɓata sunanta, da yadda shirye-shiryen hukuma a Nijar da Nijeriya suka yi nasara gwargwadon kusancinsu da ita, suka kuma raunana a inda suka mai da shugaba ɗan saƙon na sama. Mun ga kuma cewa birni yana neman ƙarin ilmin lissafi da awo da sanin hukuma.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban Hausa. Dattawan da suka riƙe sarautun samari, da tsofaffin 'yan Samariya, da iyayen adashi, suna nan da ransu a garuruwanmu, amma kullum raguwa suke. Ya kamata a je a zauna da su a rubuta yadda suke sa rana, da yadda suke cin tara, da kalmomin da suke amfani da su, domin littafin horon da za a rubuta wa jagororin unguwa ya fito da harshen da mutanen layi za su ji su gane nasu ne. Allah Ya sa mu dace, amin.